Burodin da Ba Ya Kwantai

Sufeto ya kama 'yan fashi, ya kama ɓarayin motoci, amma ko ƙwai bai iya soyawa ba. Shi ya sa da Saje ya ce an kawo ƙara a kan garin burodi, sai ya ɗauka kunnensa ne.

"Burodi kuma har gari gare shi?"

"Busar da shi ake yi a niƙa, Yallaɓai. Shi ake shafa wa kaza kafin a soya. Daga ƙasar waje ake shigo da shi."

"Wato ɓurɓushin da matata take sharewa a kan tebur, shi ne har yake hawa jirgin ruwa?"

Mai ƙarar wata mata ce da 'yan kasuwa suke kira Mai Gari, don ita ta fara shigo da shi. Ta sha zarya a ofisoshi kafin ta samu lasisi, ta saka shi a gilashi ta rataye a bangon sitonta. Yanzu ga shi wani baƙo ya ci kazar da aka soya da garinta a otal, fuskarsa ta kumbura suntum, domin jikinsa ba ya shiri da riɗi. Hukumar abinci ta buɗe ledar garin ta samu riɗi a ciki, alhali rubutun jikinta bai ambace shi ba. Sun ce in ba ta yi bayani kafin ƙarshen mako ba, za su sauke lasisin nan su rufe sito.

"Kamfanin da nake saye a wurinsu ko ƙwayar riɗi ba ta shiga masana'antarsu," in ji ta. "Wani ne ya taɓa mini kaya."

Sufeto ya zagaya siton, hannu a baya. A lungu ya ga katan ɗin da otal ya dawo da shi, kiyashi sun ja layi suna shiga. Sauran katan-katan kuwa ko kallonsu ba su yi ba.

"Garin naki akwai sukari?"

"Babu ko kaɗan."

"To waɗannan ma'aikata ba sa zuwa inda babu sukari, na san su a gidana. Saje, ɗauko mana leda ɗaya daga katan ɗin nan."

Daga nan suka wuce otal. Kuku yana gaban kasko, ko juyowa bai yi ba.

"Ni dai a liƙe nake karɓar ledata, ranka ya daɗe. Duba ka gani."

Sufeto ya duba. A liƙe take, amma layi biyu ne a bakinta: ɗaya siriri miƙaƙƙe, ɗaya mai kauri, ya ɗan karkace.

"Wa yake kawo maka?"

"Motar burodi. Mai gidan burodin ƙanin mijin Mai Gari ne, shi yake taimaka mata da rabon kaya, tunda hanyarsu ɗaya. Ba Kwantai ake ce masa."

Gidan burodin yana bayan kasuwa, ƙamshi ya cika layin. Ba Kwantai ƙato ne, fulawa har a gira. Ya tarbe su da kujeru da burodi mai zafi, samansa shafe da riɗi. Sufeto ya ci, don bincike.

"Me ya sa ake ce maka Ba Kwantai?"

"Saboda burodina ba ya kwana, Yallaɓai. Kafin yamma ya ƙare ƙaf."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

"Katan-katan ɗin matar yayanka fa, a ina suke tsayawa kafin otal?"

"Daga sito sai mota, daga mota sai otal. Ni ko buɗewa ban taɓa yi ba. Me zan yi da ƙurar Turawa?"

Yana magana Sufeto yana kallon bayansa. A kan tebur akwai injin liƙe leda. Sufeto ya ɗauki ledar burodi guda ya kara da ta garin. Layi mai kauri, ya ɗan karkace, iri ɗaya sak.

"Irin injin nan ya fi ɗari a kasuwa," in ji Ba Kwantai, ko gezau.

Gaskiya ya faɗa, kuma Sufeto ya san alƙali ma haka zai ce. Sai ya aika Saje ya kirawo Mai Gari. Da ta iso, ya farke ledar garin, ya zuba a tafin hannu, ya lasa, ya yamutsa fuska, ya tofar.

"Kin ga, ƙanin mijinki ba shi da hannu a ciki. Wanda ya yi wannan bai iya burodi ba sam. Kwaɓin bai tashi ba, gashin ya ƙone. Irin burodin da ake jifan kare da shi ne, karen ma ya shinshina ya wuce."

Ba Kwantai ya gyara zama a kan kujerarsa.

"Saje, rubuta: sharar wani ɗan koyo."

"Ɗan koyo?" Ba Kwantai ya miƙe, kujera ta faɗi. "Burodin nawa ne shara? Otal nawa suka ci shi wata da watanni, wa ya taɓa ganewa? Da madara nake kwaɓa shi, Malam!"

Saje ya ci gaba da rubutu.

"Ashe yana kwantai," in ji Sufeto.

Ba Kwantai ya zauna a kan buhun fulawa. "Kaɗan," ya ce.

Mai Gari ta dafe ƙirji. "Kai? Kai da nake ba ka makullin sitona?"

"Yaya, sau nawa na ce ki gwada nawa? Kika ce na gida ba ya shiga otal. Na ce bari in nuna miki. Wallahi ban san riɗi yana kumbura wa wani fuska ba. Ban yi nufin cutar da kowa ba."

"Na ainihin fa, ina ka kai shi?" Sufeto ya tambaya.

"Akwai mai kiwon kifi da yake ɗaukar kwantaina ta ƙofar baya. Shi nake ba wa."

"Kifi!" in ji Mai Gari. "Kayan da na biya wa kwastan!"

Saje ya saka masa ankwa. Har aka kai shi bakin mota yana waiwaye yana cewa a sauke burodin da ke cikin tanda kar ya ƙone.

Washegari hukumar abinci ta karanta rahoton Sufeto, lasisi ya zauna a bangonsa. Sufeto ya ba da labarin nan a ofis, ya ba da shi a gida, ya ba wa mai aski, kuma kullum yakan ɗan dakata a wurin kiyashi don a yaba. Mai Gari ta aika wa kowane otal sabon kaya na ainihi, daga jirgi kai tsaye.

Ba a yi mako ba kukun otal ya bugo mata waya, ya ce baƙi suna ƙorafi kazar ba ta daɗi kamar da.