Inci Goma Sha Uku

Wata Asabar ce Zailani ya fara shiga shagon tayoyin Alhaji Kassim da ke unguwar Tottenham a London, da fuskar mutumin da ya riga ya gama shawara da kansa. Likitan haƙori ne, amma shekara biyu ke nan duk hutunsa a wani garejin haya yake ƙarewa, yana haɗa mota da hannunsa, irin wadda ake sayo sassanta a kwalaye mutum ya zauna ya ɗaure noti bayan noti. Kujera biyu gare ta, ba rufi ba ƙofa. Ƙafafu kawai suka rage mata.

Budurwar da ke zaune a teburin shagon ta amsa sallamarsa. Ya ce wili huɗu yake so, wato ƙarfen ƙafar mota, inci goma sha bakwai, masu ƙyalli, da taya mai faɗi.

"Nawa ne nauyin motar?" ta tambaya.

"Kilo ɗari biyar da hamsin."

"To ba zan sayar maka ba."

Zinatu ke nan, 'yar autan Alhaji, injiniya ce, Asabar kawai take zuwa taya mahaifinta aiki. Ta juya takardar da ya miƙa mata, mai tambarin asibitin haƙori, ta hau zane a bayanta. Ta ce mota mara nauyi ƙafa mara nauyi take so. Babban wili zai riƙa tsalle a kan kowane rami, tayarsa kuma ba ta da tsokar da za ta shanye bugu. Inci sha uku zai sa, da taya mai laushi, iska kuma kada ta wuce sha takwas a ma'auni.

"Sha uku? Ai za ta zama kamar baro."

"Baron da ke riƙe titi. Ka zaɓa, Dakta, ko a kalle ka ko ka isa gida."

Ya fita da wili huɗu ƙanana da lambar wayarta, wai ko da tambaya za ta taso. Tambaya kuwa ta yi ta tasowa, safe da yamma, har ta daina zama ta mota.

"Injiniyata, yau na cire haƙori shida, amma hankalina yana Tottenham."

"Allah ya jiƙan marasa lafiyarka, Malam Sha Bakwai. Ka ci abinci?"

Da maganar ta yi nisa, sai ta kai gaban Alhaji. Shi Alhaji Kassim da faci ya fara a Ƙofar Ruwa a Kano, shekara talatin yana London, kuma abu biyu ya yarda da su a harkar mota: babbar taya, da iska talatin da biyu. Kowace mota aka kawo masa haka yake yi mata. Yana kuma da nasa ɗan takarar, Abdul-Basit ɗan amininsa, mai ƙatuwar mota baƙa, wanda ko Alhaji ya ce taya murabba'i ce zai ce ƙwarai kuwa Baba.

Ranar da Zailani ya je gaisuwa, ya zauna a ƙasa ya nuna hoton motar, wadda ta riga ta ci gwajin hukuma ta sami lamba. Alhaji ya daɗe yana kallo.

"Wannan ita ce motar? Da wannan ƙafar? Ni mai sayar da taya, a ce surukina yana yawo da wannan a gari, jama'a su ce me?"

Ya sa aka fito da wasu wili huɗu da ya daɗe yana ajiye da su, inci sha bakwai, suna sheƙi.

"Kyauta na ba ka. Ranar da manyanka za su zo neman aure, su nake so in gani a jikin motar."

Zailani ya san komai, amma bakinsa ya ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma." Wa zai mayar wa uban budurwa da kyauta a cikin falonsa? Washegari ya ɗaura su, ya fita gwaji. A shataletalen farko, ga ɗan yayyafi, bayan motar ya zame, sai da ya ambaci sunan Allah kafin ta daidaita.

Alhaji kuwa ya sa an turo masa hoto, ya nuna wa kowa, har da Zinatu. Saƙonta ya iso kafin azahar.

"Na ga hoton. Ka san gaskiya ka haɗiye ta don Baba ya yi murmushi. Idan mai cewa ƙwarai kuwa nake so, ga Abdul-Basit nan. Ba zan shiga motar nan ba, kuma kai ma ina tsoron ka shige ta."

Ya kira sau huɗu ba ta ɗauka ba. Kwana uku bai ji daɗin komai ba. Idan ya cire wilin ya ci fuskar Alhaji, idan ya bar su ya rasa Zinatu, kuma ya san ita ce da gaskiya, wannan ne ya fi ci masa rai. A rana ta huɗu ya rubuta mata:

"Zinatuna, na yi kuskure. Ba zan cire su a ɓoye ba, ba kuma zan bar su ba. Ki ba ni ranar Lahadi. Ki taho da sikelin auna akwatin Mama."

Amsarta kalma ɗaya ce: "Toh."

Lahadi da hantsi ya tsaya a ƙofar shagon, ƙananan wilin tuni ya kawo su a motar haya. Ya durƙusa ya gaida Alhaji.

"Baba, alfarma nake nema. Kai ne ka san taya, ni ɗan koyo ne. Ka shiga in zaga da kai, sannan ka yanke hukunci. Abin da ka ce shi zan yi."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Ya so ya ƙi, amma an ce shi ya san taya, a gaban 'yarsa kuma. Ya naɗe rigarsa ya cusa kansa cikin kujerar da kyar, gwiwa a ƙirji.

Titunan bayan Tottenham kowa ya san su, tudun rage gudu ne bayan tudu, ga ramukan da hukumar unguwa ta manta da su. Zailani bai yi gudu ba ko kaɗan. Duk da haka kowane tudu sai da ya ratsa ƙashin bayan Alhaji, sitiyari yana fizga hagu da dama, hula ta faɗo kan cinya sau biyu. Da suka dawo sai da aka kama hannunsa ya fito.

"Shock absorber ɗinka ne ba su da kyau, ba sa shanye bugu," ya ce.

Zinatu ta ciro sikelin da mahaifiyarta ke auna akwatuna da shi idan za a tafi Kano, ta rataya wani babban wili na shago irin na jikin motar da igiya ta miƙa wa mahaifinta. Kilo ashirin da ɗaya. Ta rataya ƙaramin. Sha biyu.

Alhaji ya sake aunawa da kansa. Can ya cire agogonsa ya ce a miƙo masa jak.

Shi da kansa ya canza ƙafafun huɗu, bai yarda kowa ya taɓa ba. Da ya jawo tiyon iska, Zinatu ta ce a hankali, "Sha takwas, Baba."

"Sha takwas? Taya ce ko balan-balan?"

"Ka gwada dai, Baba."

Zagaye na biyu, titin bai canza ba, amma hula ba ta motsa ba. Motar ta riƙa hawa tudu tana sauka lumui, ta shiga shataletale kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Alhaji ya ce a ƙara zagaye ɗaya. Da suka tsaya bai yi saurin fita ba.

"Tun ranar da na ba ka ka san haka?"

"Na sani, Baba. Kunya ce ta hana ni."

"Kuma da 'yata za ka ɗauka a kai." Ya girgiza kai. "Shekara talatin ina sayar da taya, babu wanda ya taɓa nuna mini kuskurena ba tare da ya raina ni ba. Ka ce wa manyanka su zo. A wannan baron."

Zinatu ta juya baya tana gyara mayafi, don kada a ga idonta ya cika. Da yamma saƙo ya shigo wayarsa: "Malam Sha Uku, na yafe. Ina son ka, ka ci abinci."

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren Zailani da Zinatu a masallacin Regent's Park bayan sallar Juma'a. Abdul-Basit ma ya zo, ya ce ƙwarai kuwa sun dace. Manyan wilin nan suna rataye a bangon shago har yau, Alhaji ya ce ba na sayarwa ba ne.

Da za a kai amarya, motocin dangi suka jeru, 'yar ƙaramar motar ango a gaba. Wani kawun ango ya ga tayar kamar ta yi laushi, ya yi karambanin ƙara mata iska. Alhaji ya hango shi. Ya taho cikin babbar rigarsa ta shadda, ya durƙusa a bakin titi, ya ciro ma'aunin iska daga aljihu ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana ragewa, jama'a suna tsaye suna jira.

"Sha takwas," ya ce da ya miƙe. Ya kama hannun Zinatu ya zaunar da ita a motar, ya tattare mata lafayarta kada ta ja ƙasa. "Ga ta nan, Zailani. Ka tafi da ita a hankali. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Kowa ya ce amin. Alhaji bai koma ciki ba sai da motar ta hau tudun farko ta sauka lafiya.