Gilashin Goshin Mu'azu

"Mu'azu, ka cire abin nan ka dube ni!"

Bai cire ba. Yana zaune a zauren gidansu a Gyadi-Gyadi, gilashin nan mai ƙara girman abu ɗaure a goshinsa, ƙarfen narka dalma ya huce a hannunsa. Zauren sai warin ƙonanniyar waya yake.

Huraira ta dubi akwatin da ke gabansa. Amfilifayar nan mai ƙara sauti da ya yi wata bakwai yana haɗawa ce ta yi baƙi ƙirin!

"Ta ƙone?"

"Ta ƙone, Huraira. A gaban injiniyan gidan rediyo, da mutane."

"Innalillahi..."

Wannan akwati fa shi ne aurensu. Mahaifinta, Alhaji Garba, babban akawu a Tarauni, ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mai ƙera wa makaɗa akwatin sauti ba. Da ƙyar da magiya ya sassauta, ya ce in Mu'azu ya samu aiki a gidan rediyo kafin babbar Sallah, ya ba shi. Gidan rediyo kuma suka ce ya kawo aikin hannunsa su gani. Ana cikin haka sai Saratu, 'yar baffanta, wadda ta daɗe da ƙyasa Mu'azu, ta kai tsegumi wai zancen nasu ba zance ba ne, wasan tarkacen makaɗa ne. Alhaji ya hana shi zuwa sai ya zo da takardar aiki. Sati uku ke nan ba su ga juna ba. Yau ma da sunan kai rediyon Inna gyara ta fito.

"Garin yaya? Kai da ba ka taɓa ƙona ko fitila ba?"

Ya laluba ya ɗauko kwalin ashana. Ta san shi sarai. Kullum in ya zo zance da la'asar sai ya zazzage mata 'yan ƙananan kayan haɗa rediyo da ake kira rasista a tafin hannu, masu zoben launi a jikinsu, ya ce, "Faɗa mini, gimbiya." Ita kuma ta riƙa lissafowa tana dariya: ja, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa... Shi yana jera su cikin takarda.

"Kin ɗauka wasa nake miki ko?"

"To da mene ne?"

"Launin ne yake nuna ƙarfin kowacce. Ni kuwa na kusa shekara ba na bambancewa. Da idonki na haɗa akwatin nan, Huraira. Da aka hana ni ganinki, saura guda huɗu, sai na kintata."

Ta dafa bango. Wayyo Allah, ashe duk dariyar nan da take yi, shi ciwonsa yake ɓoyewa!

"Gilashin fa?"

"Yana ƙara girman abu, ba ya dawo da launi. Likita ya ce jijiyar ido ce, kuma gaba abin zai yi ta yi."

"To sai me? Ga nawa idon! Ka sake haɗa wata, ni zan faɗa maka, wallahi har na mutu!"

"Gidan rediyo za su ɗauke mu mu biyu ne? Sallah saura kwana tara."

"Zan roƙi Baba..."

"Ki ce masa me? Mai yi wa makaɗa aiki, kuma makaho?"

"Kar ka ƙara faɗa!"

"Jibi zan koma ƙauye wurin kawuna, masoyiya. Na riga na gama magana."

Ta durƙusa tana kuka wiwi. A ranta ta tsani Saratu, ta tsani gidan rediyo, har shi ma ta ji haushinsa da ya yi mata shiru tsawon wannan lokaci.

A hankali ya kwance gilashin. Igiyar ta bar masa shaida a goshi. Ya laluba hannunta ya ɗora mata.

"Riƙe. Ba shi da sauran amfani a wurina."

Sannan ya ɗaga kai ya ƙura mata ido, ya daɗe, har ya yi murmushi.

"Kin ɗauro jan zanin da na saya miki. Ya yi miki kyau."

Huraira ta sunkuyar da kai ta dubi koren zanin da ke jikinta.

"Na gode," ta ce. "Don kai na ɗaura."