Takardar da Rediyo Ta Ɓoye

Ku matso ku ji, labarin nan da ɗuminsa yake. Yau-yau aka ƙarasa shi!

A ajin makarantar Lahadi akwai wata yarinya da ake ce wa Rediyo. Ba sunanta ba ne fa. Surutu ne ya ja mata. In ta buɗe baki, sai dai ka nemi wurin zama.

A ajin akwai wani allon katako a jikin bango, kusa da taga. Malama ta ja layi ta raba shi biyu. Gefe ɗaya an rubuta "Muna Roƙo". Ɗaya gefen an rubuta "An Amsa". Kowa zai rubuta addu'arsa a 'yar takarda, ya maƙala da fil a gefen roƙo. Ran da Allah ya amsa, sai a mayar da ita ɗaya gefen, duk aji a tafa.

Rediyo ce mai kula da allon. Ita ke riƙe gwangwanin fil, kuma ba ta wasa da aikinta.

Ita dai tata addu'ar ba ta daɗewa. Ta roƙi cin jarrabawa, ta ci. Kyanwarta ta ɓata, ta rubuta, kwana uku sai ga kyanwa a bayan tankin ruwa.

Amma akwai wata koriyar takarda da ta ƙi motsi. Ta ƙawarta ce, 'Yar Tela, wadda suke zama benci ɗaya a makaranta. Ga abin da ke ciki: "Ya Uba, ka tashi ƙafafun Mamana."

Mamar nan tela ce. Wata rana mota ta buge ta a bakin titi, direban ya gudu bai ko tsaya ba. Tun daga ranar ba ta iya tafiya, ba ta iya taka keken ɗinki. Wata biyar ke nan. Takardar har ta koɗe, bakinta ya nannaɗe.

Sai Malama ta ce ran Lahadi mai zuwa iyaye za su shigo su ga aji.

Rediyo ta zo da wuri. Ta goge allo, ta jera takardu. Gefen "An Amsa" ya cika maƙil, gwanin kyau. Sai idonta ya faɗa kan koriyar nan.

Ta ce a ranta, "Kai, in baƙi suka ga wannan, za su ce Allah ba ya ji. Ba zan bari ya ji kunya ba."

Ta duba hagu, ta duba dama. Ta zare fil ɗin, ta ninke takardar, ta tura ta can ƙasan gwangwani.

Iyaye suka shigo, suka karanta, suka tafa. Rediyo sai murmushi take yi har kunne.

'Yar Tela ta makara ranar, domin sai da ta taya Mamanta wanka. Tana shigowa ta nufi allo. Ta duba gefen roƙo, babu. Ta duba gefen amsa, babu. Ta ma sunkuya ta duba ƙasan benci.

"Rediyo, ina takardata?"

"Na cire. Ai ta daɗe. Tana ɓata mana allo."

"Tana ɓata allo?"

Da Rediyo ta yi shiru a nan, da sauƙi. Amma kun san ta.

"To, ni dai duk nawa an amsa. Ƙila ke ba ki yi da bangaskiya ba ne."

'Yar Tela ta dube ta, idonta ya kawo ruwa.

"Kyanwarki Allah ya dawo miki da ita. Mamana kuma ya bar ta a kwance. In yana ƙaunarmu, me ya sa bai tare motar ba? Ke da kike kusa da shi, ki tambayar mini."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ran Litinin a makaranta ta sauya benci. Lahadi ta zagayo, ba ta zo coci ba.

Jikin Rediyo fa ya mutu. A gida ko uffan. Babanta, mai walda ne, ya dawo daga aiki ya same ta ta zabga tagumi.

"Yau batir ne ya ƙare, ko an ɗauke wuta?"

Ko dariya ba ta yi ba.

Lahadi ta gaba, bayan sujada, ta tsaya har kowa ya fita. Ta zazzage gwangwanin a kan tebur, ta miƙa wa Malama koriyar takardar. Ta faɗi komai, har da maganar bangaskiya.

Malama ta zauna. Ta ce, "'Yata, Allah ne ya ce miki yana jin kunyar takardar nan?"

"A'a, Malama."

"To, ke ce kika ji kunya, ba shi ba."

"Amma Malama, me ya sa bai tare motar ba?"

"Ban sani ba."

Rediyo ta zaro ido. "Ke ma?"

"Ni ma." Malama ta buɗe jakarta, ta ciro wata tsohuwar takarda da ta kusa yagewa. "Kin ga wannan? Shekara tara ke nan da na rubuta ta, a kan idon mijina. Har yau ba ya gani."

"Kuma ba ki daina addu'a ba?"

"Ban daina ba. Abin da ban sani ba yana da yawa. Amma zan gaya miki wanda na sani. Allah ya ba mutum zaɓi. Direban nan ya zaɓi gudu, wannan muguntarsa ce, ba nufin Allah ba. Kuma kin tuna lokacin da abokin Yesu ya mutu? Da ya tarar da 'yan'uwan suna kuka, me ya yi?"

"Shi ma ya yi kuka."

"Kin gani. Kuma shi da kansa ya sha wuya a kan gicciye. Allahnmu ba daga nesa yake kallon wahala ba. Yana cikinta tare da mu. Ciwon mamar ƙawarki ba horo ba ne, ba kuma laifin addu'ar yarinya ba ne."

"To yanzu ya zan yi?"

"Takardar nan tana da mai ita."

Da yamma Rediyo ta tafi gidansu 'Yar Tela. Ɗaki ɗaya ne. Gado na kusa da taga. Keken ɗinki na kusurwa, an rufe shi da tsohon zane. Mama tana zaune a gado, an jingina mata filo biyu, tana ɗinka maɓalli a wata riga da allura.

"A'a, Rediyo ce yau a gidanmu? Shigo mana. Ya na ji tasha shiru?"

Rediyo ta durƙusa. "Mama, na yi laifi." Ta juya wajen ƙawarta, ta miƙa takardar. "Ki yafe mini. Abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Ba laifinki ba ne."

'Yar Tela ta karɓa.

Mama ta ce, "Tambayar nan da ta yi miki, ni ma nakan yi masa. Wani lokaci har da faɗa."

"Faɗa da Allah, Mama?"

"To, ba Ubana ba ne? Bai ba ni amsa ba tukuna. Amma bai taɓa barina ni kaɗai a ɗakin nan ba."

Tana magana hannunta na aiki. Allura na shiga tana fita kamar walƙiya. Rediyo ta kalli hannun. Ta kalli keken. Ta sake kallon hannun. Sai ta miƙe zumbur!

Da gudu ta isa shagon Baba, tana haki.

"Baba, Baba, dole ne sai da ƙafa ake juya keken ɗinki?"

"Ah, an dawo da wuta ke nan. Numfasa tukuna."

Ta yi masa bayani. Baba ya ɗaga tabaran walda zuwa goshi, ya yi ɗan tunani.

"Ai akwai na hannu. In na cire kan keken daga teburinsa, na haɗa masa mariƙi a jikin wilin da ke juya shi, zai yi. Sai katako da za a gitta a kan gado."

Ran Asabar, wato jiya, duk aji suka zo tare da Malama. Wasu sun ɗauko katako, wasu zare. Baba ya ɗaura kan keken, ya ɗiga masa mai, ya ce, "Uwargida, gwada mu gani."

Mama ta kama mariƙin ta juya. Ƙir, ƙir, ƙir! Keke ya tashi! Yara suka hau tsalle. Mama tana dariya tana hawaye. Layin farko ya karkace, ta ce, "Ku yi haƙuri, yau na shiga koyo." Na uku kuwa ya tafi sak.

Kun san abin da ta fara ɗinkawa? 'Yar jaka ta zuba fil. Ta ce gwangwani yana ɓoye abubuwa da yawa.

'Yar Tela ta matso kusa da Rediyo. Ta ce a hankali, "Ƙafafun dai ba su tashi ba."

"Na sani. Zan riƙa taya ki roƙo."

"To, amma ki rage surutu."

"Wannan kam sai ki rubuta a takarda, zai daɗe a allo."

Suka fashe da dariya.

Yau da safe Malama ta ƙara jan layi a allon. Gefe na uku an rubuta "Muna Jira Tare". 'Yar Tela ta maƙala koriyar takardarta da hannunta. Malama ta maƙala tata tsohuwar a kusa da ita. Rediyo ce ta miƙa musu fil.

Ga abin da Rediyo ta koya. Wahala ba ta nuna cewa Allah ya daina ƙaunar mutum. Ba duk dalili muka sani ba, amma yana tare da mai kuka. In ka ga mai shan wahala, kada ka ɓoye kukansa, kada ka ɗora masa laifi. Ka je ka zauna da shi, ka taimaka da abin da kake iyawa.

Gobe Litinin kuma, benci ɗaya za su zauna.