Ɓarawon Da Ya Ji Tausayin Gero

Daren Talata, Inna Larai ta ji wani abu yana wucewa ta bayan dangarta. Caras, caras, caras, kamar ana jan busasshiyar fata a kan yashi. Ba tafiyar mutum ba ce, ba kuma ta jaki ba. Ta yi addu'a ta ja mayafi. Da gari ya waye, sai ga turken maƙwabcinta Mati babu sa, bijimin da yake kiwo.

Sufeto Khalilu ya iso daga Gezawa a kan babur da hantsi. Shi mutum ne da ya fi son kallon ƙasa da kallon fuska, don yakan ce ƙasa ba ta iya ƙarya ba.

"Yaya sunan san?" ya tambayi Mati.

"Kansila, ranka ya daɗe. Ci da barci kawai ya iya."

"Me ya sa za ka sayar da shi yanzu, ga kaka ta kusa?"

"Wa ya ce zan sayar?"

"Ka wanke shi jiya, ga wurin bai bushe ba. Ana bin ka bashi?"

"Ko sisi."

Inna Larai ta leƙo ta kan danga. "Kai Mati, ji tsoron Allah! Yallaɓai, Alhaji Nababa na bin sa kuɗin taki. Duk garin nan shi ke ba mu, sai kaka a biya."

Mati ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗi gaskiya. Ya jinginar da gonarsa ta bakin titi, gadon ubansa, a kan za a biya bayan girbi. Kwana biyar da suka wuce Alhaji ya zo ya ce kuɗinsa yake so nan da mako guda. Takardar da Mati ya dangwala wa yatsa ta ce a biya duk ranar da mai kuɗi ya nema. In ba a biya ba, gona ta tafi da abin da ke cikinta. Kansila ne kaɗai zai fanshe ta.

Sufeto ya bi bayan gida. Babu sawun kofato, sai wasu dunƙule-dunƙule a laka. A gindin wata kuka ya tsinci yagaggen buhun taki da igiya a bakinsa. An ɗaure wa sa buhu a ƙafafu ke nan. Ƙarar da tsohuwa ta ji ta samu mai ita.

Gonakin garin a manne suke, hanya sai siririya. Kansila ya yi aikinsa a tafe: ya yagi waken Inna Larai, ya karya dawar liman, ya tattake gyaɗar mai unguwa. Ɓarawon bai hana shi ba. Amma da aka zo wata gona mai geron da ya fi mutum tsayi, sai sawun ya kauce, ya zagaya ta kan iyaka, zagaye mai nisa. Ko ganye ɗaya ba a taɓa ba.

"Ta waye wannan?"

"Tawa ce," in ji Mati. "Ita ce ta jinginar."

Sufeto ya daɗe a tsaye. Iska tana kaɗa geron, yana sunkuyawa yana tashi.

Suka sami Alhaji Nababa zaune a ƙofar sitonsa na taki, an garƙame ta da kwaɗo.

"Alhaji, me ya kawo gaggawar karɓar bashi?"

"Buƙata ce ta taso, Yallaɓai. Kuɗina ne."

"An ce mutanen birni na sayen filaye a bakin titi."

"Ban ji ba."

"Ina ka kwana jiya?"

"Kano. Da safen nan na dawo."

"An yi ruwa a Kano?"

"Ko ɗigo."

"Ga laka ta bushe a takalminka, har da furen wake. Buɗe siton."

"Makulli ya ɓata."

Sufeto ya juya wurin Mati. "Yaya kake kiran sa cin dusa?"

Mati ya ari kwanon wata mai ƙosai, ya ƙwanƙwasa shi da dutse sau uku. Daga cikin sito aka amsa da wani kuka mai tsawo, har ƙyauren ya girgiza.

"Alhaji," in ji Sufeto, "ɓarawon da ya ɗauke wa mutum sa ba ya jin tausayin geronsa, sai in ya riga ya san shi zai girbe."

Alhaji ya cire hula ya share gumi. "Jibi wa'adin zai cika, da na saki Kansila a daji ya dawo gida. Wallahi ban yi niyyar cin sa ba. Gonar kawai nake so. An taya ta da abin da ban taɓa riƙewa ba."

"Sauran ka faɗa a ofis, da takardar nan ta dangwale."

Makulli ya fito daga aljihun Alhaji. Kansila ya fito da buhu uku a ƙafa, yana caras, caras. Mati ya rungume wuyansa. Sufeto ya sa wa Alhaji ankwa, aka tsayar da mota a bakin titi.

Jama'a suka yi cirko-cirko har motar ta ɓace. Can sai Inna Larai ta gyara ɗaurin zanenta.

"To, jama'a," ta ce, "baɗi wa zai ba mu bashin taki?"