Baƙin Da Suka Biyo Alƙali

"Mama, kofi huɗu kuma? Ai shi kaɗai ya zo!"

Sau-Ying ce ta yi tambayar, amma tsohuwar ko kallo ba ta ishe ta ba, ta ci gaba da tsiyaya shayi.

Rowland Pask na zaune a takure. Mutumin da ya faro daga lauyan gwamnati a Fiji har ya zama alƙali a Hong Kong, yau ga shi neman aure ya mai da shi abin tausayi.

"Ke shi kaɗai kike gani," in ji Mama. "Ni uku nake gani a bayansa, wuyansu a karkace. Ba na kai 'yata gidan da ya riga ya cika."

Da rana tsaka, ɗakin ya ɗauki sanyi.

"Mutum uku na yanke wa hukuncin rataya," Rowland ya faɗa can ƙasa.

"To durƙusa, ka kira sunansu, ka miƙa musu shayin. In sun tafi, na ba ka ita."

Ya durƙusa. Ya kira na farko, tururin kofin ya ɗauke. Na biyu ma haka.

"Lau Kam-Shui..."

Tururin nan ya ƙi mutuwa. Sai ma ya karkato, ya nufo fuskarsa.

"Masoyina..." Sau-Ying ta kama hannunsa. "Me ka yi masa?"

"Mai shaida ɗaya ne, kuma zuciyata ta ba ni ƙarya yake. Amma manya na so a gama, ni kuma ina hangen kujerar babban alƙali."

Ranta ya ɓaci matuƙa, son kuma ya ƙi barinta ta sake shi.

"Je ka faɗa a kotu!"

"Za su kore ni, Ying."

"Kujera na ce maka zan aura?"

Ranar Litinin ya miƙe gaban lauyoyi ya faɗi gaskiya. Kafin wata ya ƙare an raba shi da aiki, Turawan da ke rububin cin abinci da shi duk suka ɗauke ƙafa. Mama kuwa ta cika alkawari.

Ranar biki wata mata ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Matar Lau ce. Ta daɗe tana duban bayan ango, sannan ta juyo ga amarya.

"Ban zo taya ku murna ba," ta ce. "Shekara biyu da rataye mijina, ko a mafarki ban gan shi ba. Jiya ya dawo gida."