Tsargiyar Sada

A wani shagon littattafai na unguwar Darrasa a Misira Mardiya ta fara ganin Sada, shekarar da ta shiga ajin nazarin cututtuka a makarantar likitanci. Yana ta zuba wa mai shago Larabcin littafi, mutumin yana dariya. Ta sa baki da Larabcin Misira, Sada ya juyo ya ce, "Sannu 'yar gida." Shi ke nan, zuciya ta tafi ko sallama babu.

Ɗalibin fiƙihu ne, daga wani ƙauye a bakin gulbi. Yana kiranta Likitata, ita kuma Malamina. Hirarsu ta masoya ma rabinta karatu ce.

"Ƙwayar halitta in ta cutu, kumbura take fara yi," in ji ta. "In aka kawar da abin da ke cutar da ita, sai ta warke. In aka bar ta har cibiyarta ta fashe, khalas, ta mutu."

"To ni tun da na gan ki nake kumbure, Likitata."

Wasa yake, amma sai ta dubi ƙafafunsa, ta ga da gaske a kumbure suke. Da ƙyar, kansa a ƙasa, ya ce tun yana yaro yake fitsarin jini.

"Kowane yaro a garinmu haka yake. Manya cewa suke alamar balaga ce."

Tsargiya ce, ta shekara da shekaru tana toshe masa hanyar fitsari. Aka ɗebi ɗan naman ƙodarsa, ta roƙi malaminta ya nuna mata a madubin likita. Yawanci ya mutu, sai tabo. Ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan ne a gefe suke kumbure, da sauran rai. Ranar ta tsani iliminta.

Mahaifinta, Alhaji Nata'ala, ma'aikacin ofishin jakadanci a unguwar Zamalek, ya ce atafau. "Da idonki a buɗe za ki auri takaba? Ga Iliya ɗan ƙanwata, lafiyayye, shekara guda yana bina."

Sada da ya ji, sai ya ɗauke ƙafa. Ta bi shi har ƙofar gidan ɗalibai.

"Ma'alish, yi haƙuri, Likitata. Ki auri Iliya. Ni na ƙare."

"Ni na leƙa madubin ko kai? Akwai sauran masu rai, Malamina. Kai ka ƙi shan magani, gishiri kuwa kamar ka samu gado. Wa zai tsare su in ba ni ba?"

"Za su kai ni ina?"

"Ba nisa," ta ce, hawaye na zuba. "Amma ni zan raka ka."

Alhaji ya ga 'yarsa tana ramewa, ya kira ta. "Faɗa mini gaskiyar likita. Zai warke?"

"A'a, Baba."

A nan Alhaji ya sauko. Da ƙarya ta yi masa, da ya san yadda zai hana.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a. 'Yan biki suna ta addu'ar zaman lafiya da zuri'a, kowa na kauce wa zancen tsawon rai. Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya sa ku tsufa tare."

Mardiya ta fi kowa sanin abin da ke cikin ƙodar mijinta. Duk ɗakin kuma babu wanda ya kai ta ɗaga murya wajen cewa amin.