Ranar da Hayatu Ya Tare Maigidansa

Ƙarfe ɗaya na rana suka jawo kututturen gawo suka gicciya shi kan kwalta, a wani gangare bayan mararrabar Tsernawa, kan hanyar Tawa. Su huɗu ne. Chindo, shugabansu, tsohon ɗan fasa-ƙwaurin fetur, shi ke riƙe da bindiga. Mutum biyu da ya ɗauko daga ƙetaren iyaka suka laɓe bayan geza da adduna, baburansu biyu a ɓoye cikin kwari. Hayatu ba a ba shi makami ba. Aikinsa ɗaya: in an sauke direba, ya hau, ya juya motar, ya bi hanyar daji da ita zuwa iyaka.

Chindo ya ce tsakar rana ta fi, lokacin jandarma masu tsaron hanya suna kishingiɗe a rumfa, hanya ba kowa. Ya kuma rantse ba wanda za a taɓa. Kayan Alhaji Sanusi kawai suke so, atamfa da sukari. Jin sunan Alhaji Sanusi ne ya sa Hayatu ya yarda tun farko.

Wata takwas kafin wannan rana, Hayatu direba ne mai mutunci. Ya ɗauko wa Alhajin lodin atamfa daga Kwatano, kwana biyar a hanya, ya iso ƙofar mangazarsa, inda yake ajiyar kaya, a Birnin Konni. Mai tsaron mangazar, wani siririn mutum mai suna Ahmadu, ya karɓe takardun kaya da mabuɗin mota, ya ce Alhaji ya tafi Sakkwato, ba a sauke ko dila ɗaya sai yana nan. Hayatu ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota. Kwana ɗaya, biyu, uku. Kullum Ahmadu sai ya ce gobe. Motocin da suka zo bayansa aka sallame su, don direbobinsu sun san abin da ake miƙa wa Ahmadu a ɓoye.

Rana ta huɗu saƙo ya zo daga Tajaye: matarsa A'i tana naƙuda tun jiya, abin ya ƙi, ana neman mota a kai ta asibitin Galmi. Hayatu ya durƙusa gaban Ahmadu, gaban 'yan dako, ya roƙi a sauke kayan ko a ba shi mabuɗi na yini ɗaya. Ahmadu ya ce mota da kaya ba ta motsawa, in kuma ya tafi ya bar ta, duk abin da ya ɓace a wuyansa yake. Alhaji dai yana hanya, gobe da safe. Hayatu ya tsaya jiran goben. Wannan jiran ne bai taɓa yafe wa kansa ba. Da safiya ta yi ba Alhaji, ya bar komai ya shiga motar haya. Ya tarar an dawo daga maƙabarta. A amalanken shanu aka ɗauko ta, ko kwalta ba su kai ba.

Bayan sadakar bakwai ya koma Konni, aka ce dila uku ta ɓace. Alhaji ya kira shi ɓarawo a bainar jama'a. Daga ranar ba wanda ya sake ba shi mota, daga Konni har Badagishiri. A haka Chindo ya tsince shi a tasha, yana zaune ba aiki.

Ƙarar inji ta taso daga kudu. Hayatu ya ja rawani ya rufe fuska. Motar ta sauko gangaren a hankali, da nauyi, ta ga kututture, ta ja birki. Chindo ya yi tsalle kan kwalta, bindiga a sama.

"Sauko! Hannu bisa!"

Ƙofa ta buɗe. Wani dattijo ya sauko da baya, yana lalubar matakala da ƙafa. Malam Isufu ne. Shi ya koya masa tuƙi, shekara shida suna cin tuwo a kwano ɗaya. Shi ya tsaya masa a wajen neman auren A'i. Hayatu bai san ya koma yi wa Alhaji jigila ba.

Ya so ya wuce ya hau motar ba tare da ya ɗaga kai ba. Amma dattijon ya bi shi da kallo, ya ga yadda ya kama mariƙin ƙofa da hagu, ya ga tafiyar.

"Hayatu? Kai na, ɗana?"

Chindo bai yi shawara da kowa ba. Ƙarar bindiga ɗaya — Malam Isufu ya dafe ciki, ya zame jikin taya.

Hayatu ya faɗa kansa yana kiran sunansa. Chindo ya finciko shi, ya ce mutumin da ya san sunanka ba a barinsa ya kai labari. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi tsaki, ya ce laifin Ahmadu ne, da ya ba su rana da lokaci me ya hana ya faɗa musu wane ne direban.

"Wane Ahmadu?" in ji Hayatu.

"Na mangaza mana," Chindo ya ce. "Wa kake zato yas sayar muna da dila ukun nan bara? Hau mota, ba mu da lokaci."

Hayatu ya dubi dattijon, ya ga da sauran numfashi. Duk abin da ke kansa ya tsaya cik. Sannan ya ce, cikin muryar da shi kansa bai gane ba, barin gawa kan kwalta zai tona su da wuri, gara ya sa shi a mota su yar a daji. Chindo ya yarda. Suka ɗora dattijon a kujerar gefe. Hayatu ya juya motar, su uku suka biyo shi a kan babura.

Kilomita biyu, ga hanyar daji a dama. Bai karya kwana ba. Ya taka mai.

Chindo ya gane. Harbi ɗaya ya fasa madubi, na biyu ya huda tamfol. Hayatu ya kaɗa sitiyari, babur ɗaya ya bar kwalta ya yi cikin ƙaya. Da rufin kwanon Tsernawa ya bayyana, ɗayan ma ya juya ya nufi daji.

A mararraba ya yi gabas, hanyar asibitin Galmi. Mutanen da ke rumfar mai shayi suka ga mota a guje da jini a ƙofa. Wani ya ruga wajen jandarma, aka buga wa na Malbaza waya, suka ja ganguna suka tare hanya.

Cikin motar Malam Isufu ya buɗe ido. Bai tambayi dalili ba. Ya saurari injin, ya ce da ƙyar, "Sa giya ta ukku ga hawan nan. Kashe ta za ka yi?" Hayatu ya sa, hawaye na hana shi ganin hanya. Ya roƙi dattijon ya yafe masa, ya ce bai san shi ne ba. Dattijon ya ce ya je mangazar sau biyu yana faɗa wa Alhaji cewa yaronsa ba ya sata, ba a saurare shi ba. Ya ce ya yi ta nemansa a tasha. Daga nan ya koma salati a hankali.

Malbaza. Jandarma ya ɗaga hannu. Hayatu ya danna ham, ya bi ta kan gangunan — suka watse. Motar jandarma ta biyo shi da jiniya. Suna harbin taya, yana leƙowa yana ihu da mara lafiya a ciki, iska na kwashe maganar. Tayar baya ta fashe, motar ta yi layi, ya riƙe ta.

Daf da Dogarawa ya lura salatin ya ɗauke. Ya miƙa hannu ya taɓa ƙirjin dattijon. Sai ya ɗaga ƙafa daga mai, ya gangara gefe, ya kashe inji. Ya rufe masa ido, ya gyara masa hula. Da jandarma suka buɗe ƙofa suka same shi a zaune, hannayensa kan gwiwa.

Bai ɓoye komai ba. Kafin la'asar an kama Ahmadu a ƙofar mangaza. Chindo, bayan kwana uku, aka tsinci gawarsa a wani kwari kusa da iyaka; baƙin nasa sun tafi da bindigar da baburan. Hayatu aka yanke masa shekara goma sha biyu.

Yana wata na biyar a gidan kaso na Konni aka ce yana da baƙuwa. Saratu ce, matar Malam Isufu, ta fita takaba. Ya kasa kallonta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce abu ɗaya ya kawo ta, shi kaɗai ne yake wurin: Malam ya cika da kalmar shahada? Hayatu ya ce ya cika da ita, da kunnensa ya ji. Ta tambaya ko ya sha wuya. Ya ce bai yi kuka da ciwo ba ko sau ɗaya, faɗa dai ya yi masa kan giyar mota.

Ta fara dariya, dariyar ta karye ta zama kuka. Ta share ido da bakin mayafi.

"Ban zo in yahe maka ba, Hayatu. Ban iyawa yanzu."

"Na sani, Inna."

Ta ajiye kwanon da ta zo da shi, ɗaure a tsumma. Ta ce Malam bai taɓa sa hannu a tuwo ba sai ya tambaya ko yaron can ya samu abin da zai ci, ita kuma ta rasa yadda za ta daina jin tambayar. Ta juya ta fita.

Hayatu ya zauna da kwanon a cinya, ɗuminsa na ratsa wandonsa, har ya huce bai kwance tsumman ba.